Talaucin Haiti Yana Da Rasiti: Martani Ga Mai Cewa La'ana Ce

Na karanta maƙalar da wani marubuci ya fitar kwanan baya game da Haiti, bayan ya ga hotunan 'yan daba ɗauke da manyan bindigogi a titunan Port-au-Prince. A ganinsa ƙasar ta ɗauko 'yanci tun ba ta isa ɗaukarsa ba, ta kafa tubalinta a kan tsafi, kuma bayan shekara fiye da 220 ba ta da sauran bakin zargin Bature. Ya ƙara da cewa duk ɗan Haiti mai ilimi ya riga ya tsere Miami ko Montreal, ya bar gida yana ci da wuta. Malam ya iya rubutu, kuma na yarda damuwa ce ta sa shi ɗaukar alƙalami, domin babu mai imanin da zai ga halin mutanen nan bai ji zafi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutum fiye da 5,600 a rikicin 'yan daba a 2024 kaɗai, kuma sama da miliyan guda sun bar gidajensu. Amma hukuncin da malam ya yanke zalunci ne, kuma tsohon zalunci ne, wanda masu gonakin rake suka fara furtawa tun ƙarni biyu da suka wuce. Ba zan iya yin shiru ba ina jin sa da harshen Hausa.

Kafin 1804 sunan wurin Saint-Domingue, kuma a duk mallakar Faransa babu wadda ta kai ta kawo riba. A shekarun 1780 wannan ɗan yanki na tsibiri shi ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na sukarin da Turai ke sha, da fiye da rabin gahawarta. Masu noman bayi ne kimanin rabin miliyan, a hannun Turawan da ba su kai 40,000 ba. A cikin ƙarni guda an sauke 'yan Afirka kusan 800,000 a gaɓar wurin, amma rabin miliyan ne kawai ke numfashi a 1791, domin lissafin mai gona ya nuna masa ya fi araha ya kashe bawa da aiki ya sayo sabo a kan ya ciyar da shi har ya tsufa. Shi ya sa kusan biyu cikin uku na bayin a lokacin tawaye haifaffun Afirka ne. Jaridar 'yan mulkin mallaka tana buga cigiyar waɗanda suka gudu, da tambarin da aka yi musu da wuta a ƙirji, da sunan ƙabilarsu: Kwango, Arada, Nago, Ibo, Bambara, har da waɗanda magatakardan Faransa ke rubutawa Aoussa, wato Hausawa. Akwai namu a cikin waɗanda malam ya ce ba su isa ba.

To mutumin da ke wannan hali, yaushe zai isa 'yanci? Malam ya kawo misalin Guadeloupe da Martinique, ya ce da Haiti ta yi haƙuri kamarsu da yanzu tana da tituna da asibitoci. Ga abin da haƙurin ya ƙunsa. Tawayen bayin Saint-Domingue da ya tashi a daren 22 ga Agusta 1791 shi ya tilasta wa majalisar Faransa soke bauta a Fabrairu 1794. Shekara 8 bayan haka Napoleon ya mayar da ita Guadeloupe da bakin bindiga, ya kuma aika mijin ƙanwarsa, Janar Leclerc, da dubun dubatar sojoji zuwa Saint-Domingue. Shi fa jagoran baƙaƙen Saint-Domingue, Toussaint Louverture, bai ma nemi ɓallewa ba, tsarin mulkin da ya fitar a 1801 ya bar ƙasar a ƙarƙashin tutar Faransa, ya dai haramta bauta har abada. Duk da haka aka kira shi da sunan tattaunawa, aka kama shi, aka kai shi kurkukun Fort de Joux a cikin duwatsu masu tsananin sanyi, inda ya mutu a Afrilu 1803. Da zazzaɓin shawara ya kashe Leclerc, magajinsa Rochambeau ya sayo karnukan farautar mutane daga Kyuba, ya riƙa nutsar da fursunoni a teku. Abin da ke gaban Dessalines, wanda ya karɓi jagorancin yaƙin, da mutanensa a fagen Vertières ranar 18 ga Nuwamba 1803 shi ne ko su ci yaƙin ko a mayar musu da mari a ƙafa. Su ma mutanen Guadeloupe da ake yaba haƙurinsu sun yi yaƙi a ƙarƙashin Louis Delgrès, aka murƙushe su, suka ƙara shekara 46 cikin bauta har 1848. Wanda ya ce da Haiti ta jira, yana ce wa uwa ne ta yarda a ci gaba da sayar da 'ya'yanta da jikokinta har ranar da mai gida ya ga dama.

Inda maƙalar ta fi ba ni mamaki shi ne yadda ta wuce shekarar 1825 da jimla guda, ta ce tsohon zance ne. A nan nake so mu zauna, domin nan ne kan maganar.

Bayan shelar 'yanci a Gonaïves ranar 1 ga Janairu 1804, babu babbar ƙasar da ta amince da Haiti. Amurka, mai bayi a gonakin audugarta, ta ƙi amincewa da ita har 1862, lokacin Lincoln yana tsakiyar yaƙin basasa. Fadar Paparoma ba ta ƙulla yarjejeniya da ita ba sai 1860. Simón Bolívar da kansa, jagoran yaƙin 'yancin Kudancin Amurka, da aka kore shi daga Benezuwela, Haiti ya fake. Shugaba Pétion ya ba shi bindigogi da albarushi da mayaƙa da injin buga takardu a 1816, bisa sharaɗi ɗaya, ya 'yanta bayi a duk ƙasar da ya ci. Da aka kira taron sababbin ƙasashe masu 'yanci a Panama a 1826, ba a gayyaci Haiti ba.

Cikin wannan kaɗaici ne Baron de Mackau ya iso Port-au-Prince a Yuli 1825, riƙe da takardar Sarki Charles na Goma mai kwanan wata 17 ga Afrilu, da jiragen yaƙi 14 a bayansa ɗauke da igwa wajen 500. Takardar ta ce Faransa za ta amince da 'yancin Haiti idan ta biya faran miliyan 150 a biya biyar, diyya ga tsofaffin masu gonaki, ta kuma rage wa kayan Faransa rabin kuɗin fito. Shugaba Boyer ya sa hannu. Don mai karatu ya auna girman kuɗin, a 1803 Napoleon ya sayar wa Amurka yankin Louisiana, wanda ya ninka faɗin Amurka ta lokacin, a kan faran miliyan 80. Haiti kuwa faɗinta bai kai murabba'in kilomita 28,000 ba.

Diyyar me ake biya? Ta dukiyar da masu gonaki suka rasa, kuma gonar rake ba ta da daraja sai da hannayen da ke nome ta. A ƙasar Hausa ta dā an san fansa, bawa ya tara kuɗi ya sayi kansa daga ubangijinsa. Amma ba a taɓa jin wanda ya riga ya ƙwaci kansa da jininsa shekara 21 baya ba, a dawo masa da igwa a ce ya biya kuɗin kansa da na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Ingila ta biya masu bayinta fam miliyan 20 bayan dokar 1833, Faransa ta biya nata a 1849, kuma duk biyun abin kunya ne, amma daga baitulmalin gwamnati kuɗin ya fito. A Haiti 'yantattun ne da kansu aka sa suka biya.

Biyan farko na miliyan 30 ya ninka kuɗin shigar gwamnati na shekarar wajen sau shida. Sai aka tura Haiti ta ci bashi a bankunan Paris don ta biya Paris. Masu bankin suka cire la'adarsu ta miliyan 6 tun kafin komai, suka miƙa miliyan 24 ga baitulmalin Faransa, aka rubuta wa Haiti bashin miliyan 30 da kuɗin ruwa. Wannan ne masana tarihin Haiti ke kira bashi biyu, ga diyya, ga rancen biyan diyya. A 1838 aka rage jimlar diyyar zuwa miliyan 90, aka ci gaba da biya har shekarun 1880. Kafin a gama, bankin Crédit Industriel et Commercial na Paris ya shigo da sabon rance a 1875, sannan a 1880 aka kafa Babban Bankin Haiti, sunan na Haiti, masu hannun jarin suna Faransa, kuma duk kuɗin da gwamnati ta ajiye ko ta fitar sai sun yanki la'ada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Binciken da jaridar New York Times ta buga a 2022 ya bi takardun biyan ɗaya bayan ɗaya. Ya gano Haiti ta biya faran miliyan 112, kimanin dala miliyan 560 a kuɗin yau, kuma da kuɗin ya zauna a gida yana juyawa, da tattalin arzikin ƙasar ya ƙaru da tsakanin dala biliyan 21 zuwa 115. Ya kuma nuna cewa a 1911, cikin kowace dala 3 ta harajin gahawa, dala 2.53 tana tafiya wurin masu bin bashi a Faransa.

Wa ya biya wannan kuɗi? Manomin gahawa a kan tsauni, wanda ubansa ya yi yaƙin Vertières. Don a tatso kuɗin ne Boyer ya kafa dokar karkara ta 1826, wadda ta ɗaure manomi a gona, ta hana shi shiga birni ko kasuwanci sai da izini. Shekarun da wasu ƙasashe ke shimfiɗa layin dogo, suna gina makarantu da ma'aikatar ruwa, Haiti ta yi su tana loda gumin manomanta a jirgi. Yaron da bai shiga makaranta ba a 1850 bai zama malamin da zai koyar a 1880 ba, kuma giɓin haka yake tafiya daga tsara zuwa tsara.

Da hannun Faransa ya fara sassautawa sai na Amurka ya sauka. A Disamba 1914 sojojin ruwan Amurka suka shiga Babban Bankin Haiti da rana tsaka, suka kwashe zinare na dala 500,000, suka kai bankin National City a New York. A Yuli 1915 suka mamaye ƙasar, ba su fita ba sai 1934. Sun rushe majalisar dokoki da ta ƙi amincewa da sabon tsarin mulki, suka kawo na 1918, wanda ya soke haramcin mallakar ƙasa ga baƙi da ke nan tun zamanin Dessalines. Titunan da ake yawan yabon mamayar da su da aikin tilas aka yi su, ana ɗaure mutane da igiya. Charlemagne Péralte, jagoran manoman da suka ɗauki makami, an kashe shi a 1919, aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyaure, aka ɗauki hoto aka rarraba don a tsorata jama'a. Jami'an Amurka sun ci gaba da riƙe lalitar ƙasar har 1947, lokacin da aka gama biyan wani rance da aka ci a 1922. Daga 1825 zuwa 1947 shekara 122 ke nan. Malam ya ce Haiti ta samu shekara 220 ta gyara kanta. Fiye da rabinsu mabuɗin asusunta yana aljihun wani.

Ba na cewa 'yan Haiti ba su da nasu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dessalines ya ba da umarnin kashe Faransawan da suka rage a 1804, dubbai ne, har da mata da yara, kuma babu abin da zai wanke wannan, ko da yake ya bar sojojin Poland da suka koma ɓangarensa, ya ba su zama 'yan ƙasa. Shi ma manyan sojojinsa ne suka kashe shi a 1806, ƙasa ta rabu biyu. Henri Christophe, wanda ya mulki arewacin ƙasar, ya gina ganuwar Citadelle da ake alfahari da ita yau da aikin dole. Boyer ya mamaye gabashin tsibirin, Haiti ta mulke shi shekara 22, kuma 'yan Dominika ba su manta ba. Tsirarun masu kuɗi na birni sun riƙe Faransanci a matsayin harshen kotu da makaranta, alhali kowa da kowa Kreyòl yake ji, kuma sai a tsarin mulkin 1987 Kreyòl ya zama harshen hukuma. François Duvalier da ɗansa Jean-Claude sun yi shekara 29 a kan mulki, daga 1957 zuwa 1986, 'yan bangarsu Tonton Macoute suka kashe dubun dubata. A 2019 kotun binciken kuɗi ta ƙasar ta bankaɗo yadda aka yi almubazzaranci da kuɗin shirin man PetroCaribe na Benezuwela, wajen dala biliyan 2. Kanada a 2022 da Amurka a 2024 sun sa wa tsohon shugaba Michel Martelly takunkumi, bisa zargin alaƙa da 'yan daba da fataucin ƙwaya.

Amma malam ya duba wannan jeri da kyau. Duk masu mulki ne da masu kuɗi. Duvalier ya daɗe ne saboda Washington na buƙatar mai adawa da kwaminisanci kusa da Kyuba, kuma jirgin sojan Amurka ne ya ɗauki Jean-Claude zuwa Faransa ranar 7 ga Fabrairu 1986. Waɗanda suka cika tituna a 2018 da 2019 suna tambayar ina kuɗin PetroCaribe, matasan Haiti ne, kuma wasunsu sun biya da ransu. Malam ya tsallake ɓarayin ya ɗora laifin a kan al'adar waɗanda aka yi wa satar. Al'adar talakan Haiti kuwa ita ce konbit, wato gayyar noma, da adashin da suke kira sòl, da matan nan 'yan kasuwa da ake ce wa Madan Sara, masu hawa tsauni su sayo amfanin gona su kai birni, ko a yau da 'yan daba ke karɓar kuɗi a kowane shinge. Da waɗannan ƙasar ke ci, domin gwamnati ba ta taɓa ciyar da ita ba.

Kuma ko wannan ɗan ƙarfi na karkara, hannun waje ne ya karya shi. A 1982 da 1983, don tsoron kada annobar aladu ta tsallaka Amurka, aka karkashe baƙaƙen aladun gida na Haiti baki ɗaya. Su ne asusun manomi, da su yake biyan kuɗin makaranta da na jana'iza, kuma ba sa cin komai sai abin da aka zubar. Waɗanda aka kawo a madadinsu suna buƙatar abincin kanti da ɗaki mai siminti. Sai batun shinkafa. A 1995, cikin sharuɗɗan da suka biyo bayan mayar da Shugaba Aristide na Haiti kan mulki, aka rage harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 zuwa kashi 3. Shinkafar Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka rasa mai saye, suka kwarara Port-au-Prince suka kakkafa gidaje a jikin tuddai. A Maris 2010 Bill Clinton ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka ya amsa cewa manufar kuskure ce, ta amfani manoman jiharsa ta Arkansas, ta cuci Haiti. Yau mafi yawan shinkafar da Haiti ke ci daga waje take zuwa.

Batun tsafi kuwa ba malam ne ya fara shi ba. Ranar 13 ga Janairu 2010, kwana guda bayan girgizar ƙasa, ana kan tono gawawwaki, mai wa'azin nan na Amurka Pat Robertson ya ce a talabijin wai kakannin 'yan Haiti sun ƙulla alkawari da shaiɗan don su kori Faransawa. Yana nufin taron dajin Bois Caïman na Agusta 1791, inda Boukman ya jagoranci rantsuwar tawaye bisa addinin Vodu, mai hawan iska irin na bori. Ni Musulmi ne, ban yarda da bautar iskoki ba, kuma ban zo kare ta ba. Amma a yi adalci. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 ta wajabta a yi wa kowane bawa baftisma, kuma ita ce ta ce wanda ya gudu a yanke kunnuwansa, in ya sake a yanke jijiyar ƙafarsa, in ya yi na uku a kashe shi. Mutanen da aka raba da sunansu da harshensu suka taru cikin dare suka yi rantsuwa da abin da ya rage musu. Idan mugun aiki ne ke jawo la'anar talauci, ina la'anar biranen Nantes da Bordeaux, waɗanda aka gina manyan gidajensu da kuɗin wannan fatauci? Sannan mafi yawan 'yan Haiti Kiristoci ne, Katolika da Furotesta, kuma a 1941 da 1942 coci da gwamnati sun yi gangamin ƙona ganguna da wuraren tsafi a faɗin ƙasar. Babu arzikin da ya biyo baya.

Girgizar 12 ga Janairu 2010 mai ƙarfin maki 7.0 ta kashe mutum fiye da 200,000 a ƙididdigar gwamnati. Mako shida bayanta wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta auka wa Chile, ta kashe ɗari biyar da 'yan kai. Bambancin rodi ne da siminti da dokar gini da hukumar da za ta tilasta ta, kuma mun ga inda kuɗin waɗannan ya tafi. A Oktoba na shekarar kwalara ta ɓarke, bayan fiye da ƙarni ba a gan ta a ƙasar ba. Daga sansanin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kusa da Mirebalais ta fito, inda ƙazantar bayan gida ta malala cikin rafin da ke shiga kogin Artibonite. Ta kama mutum fiye da 800,000, ta kashe kusan 10,000. Majalisar ta yi shekara shida tana musu, ta fake da rigar kariya a kotu, sai a Disamba 2016 Sakatare Janar ɗinta Ban Ki-moon ya nemi gafara. A farkon annobar, kafin gaskiya ta fito fili, fusatattun mutane sun kashe aƙalla mutum 45, yawancinsu malaman Vodu, bisa zargin su ne suka yaɗa cutar da asiri. A Disamba 2024 wani shugaban daba a Cité Soleil ya sa an kashe sama da mutum 200, yawanci tsofaffi, don ya yi zargin su suka yi wa ɗansa sammu. Ina roƙon malam ya san cewa zargin tsafi a Haiti yana da gawawwaki a bayansa, kuma kullum marasa ƙarfi ne.

Saura waɗanda malam ya kira 'yan gudun gida. Ba kwaɗayi ne ya fara fitar da masu ilimin Haiti ba, Duvalier ne. A farkon shekarun 1960 ɗaruruwan malamai da likitoci da injiniyoyi da ba su da tabbacin kwana da rai suka amsa kiran Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa Kwango, wadda Beljiyam ta bari da tsirarun masu digiri. Su suka riƙe azuzuwan sabuwar ƙasar. Raoul Peck, wanda ya shirya fim a kan Patrice Lumumba, ɗan ɗaya daga cikinsu ne, a Kinshasa ya tashi. Michaëlle Jean ta isa Kanada tana yarinya a 1968, bayan an azabtar da mahaifinta, ta zama Gwamna Janar ta ƙasar daga 2005 zuwa 2010. Dany Laferrière ya gudu a 1976 bayan an kashe abokin aikinsa ɗan jarida, kuma a 2013 aka zaɓe shi cikin majalisar harshen Faransanci ta Paris. Amma ba waɗannan ne suka fi damuna ba. Direban tasi na Brooklyn, da mai jinyar tsofaffi a Florida, da mai aikin gini a Santiago, su ke aiko kuɗin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin Haiti, fiye da duk taimakon ƙasashen waje. Yawancin makarantun ƙasar na kuɗi ne, kuma da wannan aike ake biyan kuɗin yara da yawa. Idan 'yan daba suka sace mutum, wayar neman kuɗin fansa can take zuwa.

Kuma ba hutawa suke yi a can ba. A 1937 Trujillo, shugaban Jamhuriyar Dominika, ya sa an sassare dubban 'yan Haiti da adduna a kan iyaka. A 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ƙwace zama ɗan ƙasa daga waɗanda aka haifa can tun 1929 idan iyayensu ba su da takardu, mafi yawansu jinin Haiti. A Amurka, a farkon shekarun 1980, hukumar lafiya ta sa 'yan Haiti a jerin masu haɗarin cutar ƙanjamau don asalinsu kawai, daga baya aka hana su ba da jini, har sai da dubun dubatarsu suka tsallaka gadar Brooklyn ranar 20 ga Afrilu 1990, kuma kafin shekarar ta ƙare aka janye hanin. A Satumba 2024 aka ƙaga musu ƙaryar cin karnuka da kyanwowin maƙwabta a Springfield ta jihar Ohio, ɗan takarar shugaban ƙasa ya maimaita ta a muhawara, duk da hukumomin garin sun ƙaryata. Da duk wannan, ranar 1 ga Janairu suna dafa miyar kabewa da ake kira joumou a Montreal da Paris da Miami, miyar da suke cewa an hana kakanninsu sha a zamanin bauta, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021. Mutumin da ya yar da gida ba ya yin haka.

Mu 'yan Afirka ma ana bin mu bashi a nan. A 1885, lokacin da jami'o'in Turai ke auna ƙoƙon kai don tabbatar da cewa baƙar fata ƙasƙantacce ne, ɗan Haiti Anténor Firmin ya buga littafi a Paris yana rushe hujjojinsu da ilimi. Benito Sylvain na Haiti yana cikin waɗanda suka shirya taron haɗin kan baƙar fata na farko a Landan a 1900. A 1949, da aka kawo shirin mayar da yankin Tarabulus ƙarƙashin riƙon Italiya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilin Haiti Émile Saint-Lot ya ƙi, shirin ya faɗi da ƙuri'a guda, Libiya ta samu 'yanci a 1951.

Malam ya ce batun 1825 ya mutu. A 2003 Shugaba Aristide ya nemi Faransa ta mayar da dala biliyan 21 da 'yan kai. A Fabrairu 2004 aka fitar da shi daga ƙasar a jirgin Amurka. Aristide yana da nasa laifuffukan, kuma akwai 'yan Haiti da yawa da suka yi masa bore, amma jakadan Faransa a Haiti na lokacin, Thierry Burkard, ya shaida wa New York Times a 2022 cewa Faransa da Amurka ne suka kitsa cire shi, kuma mai yiwuwa neman kuɗin yana cikin dalilai. Bindigogin da malam ya gani a hoto ba a Haiti ake ƙera su ba, rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yawancinsu daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta Florida. A 2015 shugaban Faransa François Hollande ya ambaci bashin da Haiti ke bin Faransa, nan take fadarsa ta ce bashin ɗabi'a yake nufi, ba na kuɗi ba. Ranar 17 ga Afrilu 2025, shekara 200 cif da takardar Charles na Goma, magajinsa Emmanuel Macron ya amsa cewa an sa wa 'yancin Haiti farashi ba bisa adalci ba, ya kafa kwamitin masana tarihi na ƙasashen biyu, bai yi alkawarin mayar da ko faran guda ba. A kan wannan nake so malam ya sake ɗaukar alƙalaminsa, ya tambayi Paris yaushe za ta biya, kuma ta wace hanya kuɗin zai isa hannun manomin Artibonite ba tare da ya bi ta aljihun waɗanda suka cinye na PetroCaribe ba.